Gardamar da ta shigo zaurukanmu a Gadarif

Idan akwai al'ummar da ba a zaci za a ji tana tambayar mene ne amfanin addini ba, to mu ne Hausawan Sudan, domin addini ne ya ɗauko kakanninmu daga Sakkwato da Kano da Katsina da Haɗeja ya sauke su a bakin Kogin Nilu. Wasunsu sun biyo Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya lokacin da ya ƙi zama a ƙarƙashin mulkin Nasara, kuma bayan an kashe shi a Burmi a 1903 ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da nausawa gabas da ragowar jama'a, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Wasu kuwa alhazan ƙafa ne da guzuri ya yanke musu a hanyar Makka, suka tsaya neman abin ƙetare Bahar Maliya a gonakin auduga na Jazira bayan an kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, shekara ta bi shekara, har aka haifi 'ya'ya da jikoki ba a tashi ba. Wanda ya girma da irin wannan tarihi ba ya ganin addini a matsayin abin da ake ɗorawa a sikeli. Duk da haka, a 'yan shekarun nan tambayar ta shigo zaurukanmu a nan Gadarif, kuma 'ya'yanmu na cikinmu ne suka shigo da ita, ba baƙi ba.

Ba na ganin laifinsu, domin na san abin da idanunsu suka buɗe a kai. A Satumban 1983 shugaban ƙasa Ja'afar Numairi ya ayyana dokokin da ya kira na shari'a, aka zubar da giya a kogi, aka yanke hannuwan talakawa, alhali gwamnatinsa tana tangal-tangal saboda bashi da fari. A 30 ga Yunin 1989 Umar al-Bashir ya ƙwace mulki tare da Harkar Musulunci ta Hasan Turabi, aka shiga shekaru talatin da komai na gwamnati ake yin sa da sunan Allah: kundin laifuka na 1991 mai hukuncin kisa ga wanda ya yi ridda, 'yan sandan da ke bulale mata a kan sutura, da ɗaliban da ake kwasa zuwa yaƙin Kudancin Sudan ana ce musu jihadi ne. Sai shugabannin tafiyar suka rabu biyu a ƙarshen 1999 a kan kujera, kowane ɓangare yana jan aya, Kudu kuma ta ɓalle a 2011. Lokacin da matasa suka fito tituna a Disamban 2018, sunan da suka laƙaba wa masu mulki shi ne 'yan kasuwar addini, kuma ban ji wani dattijo a unguwarmu ya ce sun yi ƙarya ba.

Ɗan ƙanwata yana cikin waɗannan matasa. Yana karatu a Wad Madani har dakarun Da'amus Sari, waɗanda kafafen labarai ke kira RSF, a yaƙinsu da sojojin gwamnati suka shiga garin a Disamban 2023, ya dawo mana da jaka ɗaya da baki cike da magana. Yana salla, yana azumi, ba ya wasa da sunan Annabi, amma ra'ayinsa shi ne addini ba shi da wata siffa tasa ta kansa a rayuwar jama'a, siffar wanda ke riƙe da shi yake ɗauka. Hujjarsa mafi ƙarfi tana cikin wayarsa. Ya taɓa miƙo mini ita ya ce, "Kawu, dubi wannan, sannan ka dubi wannan." Hoton bidiyo na farko mayaƙan wancan ɓangare ne suna kabbara a kan motar da suka ƙwace, na biyu kuma mayaƙan wannan ɓangare ne suna kabbara a kan gawarwakin waɗancan. Ya ce idan kalma ɗaya tana iya zama a bakin mai kisa da bakin wanda ake kashewa ba tare da ta hana komai ba, to a bar ta a masallaci da zuciya, a gina ƙasa a kan dokar da kowa zai iya tuhuma ba tare da an ce ya kafirta ba. Yana da aboki da ya wuce shi nisa, wanda ke maimaita maganar Karl Marx cewa addini banjun talakawa ne, amma wannan ba ya samun masu saurare a wajenmu, kuma ina zaton shi kansa ya fi jin daɗin furta maganar fiye da yarda da ita.

Wanda ya fi tsaya masa a gardama maƙwabcinmu ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ƙuruciyarsa a Harkar Musulunci kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. A wajensa addini tsari ne cikakke da ya haɗa salla da kasuwa da kotu da baitulmali, kuma duk wanda ya ce a mayar da shi masallaci kawai ya yanke masa hannu da ƙafa. Yakan kawo maganar nan da ake jingina wa Sayyidina Usmanu ɗan Affan, cewa Allah yana hanawa da ikon sarki abin da ba ya hanuwa da Alƙur'ani kaɗai. Wannan duk an saba ji. Amma yana da wata hujja da ta shafe mu kai tsaye, wadda matasa ba su san nauyinta ba saboda ba su rayu da matsalar ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897. Ku lura da shekarar: Burmi 1903 ce, saboda haka jikan wanda ya zo tare da Mai Wurno, wanda aka haifi ubansa a bakin Nilu, baƙo ne a idon doka, sai ya nemi takarda kamar wanda ya sauka jiya. Iyayenmu sun sha wuyar wannan a neman makaranta da aikin gwamnati da mallakar gona. Dokar 1994, wadda gwamnatin masu kishin Musulunci ta yi, ita ce ta matso da shekarar zuwa 1956. Maƙwabcin namu yakan ce 'yan boko masu kishin ƙasa sun shekara kusan arba'in suna kallonmu a matsayin Takari 'yan ci-rani, sai da mutanen da suka yarda cewa Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne suka hau mulki sannan ƙofa ta buɗe. Ya tambayi ɗan ƙanwata, da wace takarda ya shiga jami'a.

Tambayar tana da ƙarfi, kuma yaron bai amsa ta yadda ya kamata ba. Ni dai abin da nake gani shi ne 'yan'uwantakar da gwamnati ta bayar da hannun dama tana iya karɓewa da na hagu, domin ba a kan imani ta gina ta ba, a kan buƙatar magoya baya ne. A 2008 Hausawa sun fito zanga-zanga a nan Gadarif da Kasala bayan wata jarida ta jingina wa Bashir maganar da ke nuna cewa mu ba 'yan ƙasa ba ne. An musanta maganar daga baya, amma saurin da mutane suka yi wajen gaskata ta ya nuna yadda takardar ba ta kwantar wa kowa da hankali ba. Sai kuma 2022, lokacin da rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ (Blue Nile) a kan neman a ba Hausawa sarautar gargajiya tasu, aka kashe ɗaruruwan mutane tsakanin Yuli da Oktoba, aka kori dubbai daga gidajensu. Waɗanda suka yi faɗan duka Musulmi ne, alƙibla ɗaya suke kallo, kuma shekaru talatin na wa'azin gwamnati ba su sa wani ya tuna da hakan ba a ranar da aka zo maganar ƙasa da gona. Idan ana son a ba tsarin Bashir ladan 1994, dole ne a ɗora masa wani kaso na alhakin ƙabilancin da ya yi kiwo ya bar mana.

Baffana ba ya shiga irin wannan gardama, amma zamansa kaɗai ra'ayi ne. Muƙaddamin Tijjaniyya ne, ya haura shekara tamanin, kuma tun ina yaro ban san ranar da wazifa ta wuce shi ba. A wajensa addini abu ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda ake gane lafiyarsa ta hanyar abin da yake fita daga hannun bawan zuwa ga mutane. Tun da gwamnati ta mayar da karɓar zakka aikin hukuma, yakan biya abin da aka yanka masa a kan dawa da riɗi ba tare da musu ba, sannan ya dawo gida ya sake auna wani abu ya aika wa zawarawa da almajirai a ɓoye. Malamai sun gaya masa cewa wadda ya ba hukuma ta isar masa, ya ce ya sani, amma zuciyarsa ba ta jin ta yi ibada idan tsoron tara ne ya fitar da hatsin. Sau ɗaya na ji ya tanka wa maƙwabcin namu, kuma da tarihi ya tanka. Ya tuna masa cewa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu kuma babban malamin jihadi, 'yan shekaru kaɗan da fara yaƙi ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, saboda ya ga mutane sun koma neman mulki da dukiya da ƙwaraƙwarai. Kanawa ne suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu littafi a kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya koma. Baffa ya ce, "Ɗana, idan a zamanin Shehu aka ga haka, kai wa ka ɗauka za ka ba kujera da sunan Allah ya tashi da hannunsa a wanke?" Maƙwabcin ya amsa cewa ai Malam Abdullahi komawa ya yi, bai bar mulkin ga azzalumai ba, kuma wannan ma gaskiya ce.

Yaƙin da ya fara a 15 ga Afrilun 2023 ya ba ra'ayin Baffa wani ƙarfi da wa'azi ba zai ba shi ba. Gadarif ba ta faɗa hannun mayaƙa ba, saboda haka nan mutane suka yi ta kwarara, daga Hartum da farko, sannan daga Wad Madani, sannan daga Sinja da ƙauyukan Sinnar a tsakiyar 2024. Makarantu suka cika da iyalai, aji ɗaya gida uku, an raba da zannuwa. Abin da ya riƙe rayukan mutane da yawa a faɗin ƙasar shi ne takiyya, wato girkin sadaka na unguwa, al'adar da ta samo asali daga zawiyoyin shehunan ɗariƙu inda wutar girki ba ta mutuwa saboda baƙo da almajiri. A unguwarmu a ƙofar zawiyar Baffa aka kafa murhu. Tun kafin rana ta ɗaga mata suke tsince adas, wani irin ƙananan wake, a faranti, samari suna faskare, wani tsohon direba da ya rasa motarsa a Madani yana juya tukunya da muciya mai tsawon mutum. Kafin azahar robobi da kwanuka sun jeru a ƙasa tun daga bakin ƙofa har kwanar layi, kowa ya ajiye nasa ya koma inuwa, domin mutumin da jiya yake da shago ba ya son a gan shi tsaye da kwano a hannu. Mai rabo ba ya tambayar ƙabila ko ɗariƙa, yawan bakin da ke gida kawai yake tambaya. Ɗan ƙanwata, mai cewa a bar addini a masallaci, shi ne ke riƙe da littafin kuɗin, yana karɓar abin da 'yan'uwa ke turowa ta waya daga Jidda da Riyad da Kano.

Da na nuna masa wannan, sai ya ce ai tausayi ne, kuma tausayi ba ya buƙatar ɗariƙa, ga matasan kwamitocin agajin gaggawa nan suna irin wannan aiki a Umdurman, cikinsu har da waɗanda ba sa zuwa masallaci. Ban musa ba. Amma na san mutanen da ke turo kuɗin, na san cewa mai wankin mota a Jidda da ke cire rabin abin da ya samu ba don ya karanta wani bayani a kan haƙƙin ɗan Adam yake yi ba, yana yi ne don ya gaskata cewa za a tambaye shi. Ana iya cewa da babu addini da wani dalilin ya motsa shi, sai dai wannan zato ne, tukunyar kuwa a gabanmu take tafasa.

Inda gardamar ta ɗauki wata hanya da ban zata ba shi ne lokacin da wani matashin malami na Ansarus Sunna, wanda ke koyar da yara a masallacin bayan kasuwa, ya ji ina kafa hujja da takiyya. Tsakaninsa da Baffa akwai saɓanin da kowa ya sani a kan wazifa da maulidi da ziyarar kaburbura, amma yana durƙusawa ya gaishe shi, kuma buhun gero na farko da ya shigo takiyyar daga masallacinsu ya fito. Ya ce mini, "Malam, ka yi hattara da wannan hanya, domin ranar da wata ƙungiyar Turawa ta kawo tukunyar da ta fi taku girma, hujjarka ta rushe." A ganinsa ni da ɗan ƙanwata kuskure ɗaya muke yi, muna auna addini da mudun amfanin duniya, shi ya auna ya ga bai cika ba, ni na auna na ga ya cika. Addini kuwa, in ji shi, darajarsa tana cikin kasancewarsa gaskiya daga Allah, kuma ya karanto ayar Suratuz Zariyat da ke cewa ba a halicci aljannu da mutane ba sai don su yi bauta. Ko salla ba ta ciyar da kowa ba wajibi ce, ko azzalumi ya yi kabbara kabbara ba ta ƙazantu ba.

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma na ba shi gaskiya fiye da yadda na so. Kakanninmu da suka bar gonaki da kaburburan iyayensu suka bi Attahiru ba lissafin riba suka yi ba, da shi suka yi da sun zauna sun biya haraji kamar yadda mafi yawan mutane suka yi. Duk bayanin addini da ya tsaya a kan amfaninsa ga zaman jama'a ba zai iya fassara wannan tafiya ba, kuma nan ne ra'ayin ɗan ƙanwata ya gaza, domin yana magana a kan addini kamar wanda ke kallonsa daga waje alhali shi kansa yana tashi sallar asuba ba don wata doka ba. Sai dai malamin ma ya tsallake wani abu. Littafin da ya karanto daga ciki shi ne ya ce, a Suratul Ma'un, mai ƙaryata addini shi ne wanda ke tunkuɗe maraya kuma ba ya kwaɗaitar da ciyar da miskini, sannan ya yi wa masu sallar riya alkawarin azaba. Ashe ba mu muka ƙirƙiro auna addinin mutum da abin da ya yi wa mai jin yunwa ba. Tukunya ba ta tabbatar da cewa addini gaskiya ne, amma tana faɗin wani abu a kan mai da'awar riƙo da shi, kuma da wannan ma'auni ne matasan 2018 suka yanke wa masu mulki hukunci, ko sun sani ko ba su sani ba.

Abin da na fahimta daga zaman waɗannan mutane huɗu shi ne tambayoyi biyu ne suka cakuɗe mana. Ta farko ita ce ko addini gaskiya ne kuma me yake nema daga bawa, ta biyu kuma ita ce wa ke da ikon tilasta wa wani a kansa. A ta farko Baffa da malamin Ansarus Sunna da maƙwabcinmu da ma ɗan ƙanwata sun fi kusa da juna fiye da yadda suke zato. A ta biyu ce jini ya zuba a ƙasar nan. A 18 ga Janairun 1985 aka rataye Mahmud Muhammad Ɗaha a kurkukun Kobar, tsoho mai shekara saba'in da shida, bayan ya fitar da takarda yana sukar dokokin Satumba. Ra'ayinsa cewa ayoyin Makka su ne saƙon asali da ya kamata a gina dokar zamani a kai ra'ayi ne da malamanmu na ɗariƙa da na sunna duka suka ƙi, ni ma ban gamsu da shi ba. Amma rataye shi bai ƙara wa kowa imani ba, Numairi ya faɗi kafin wata uku su cika, kuma kotun ƙoli ta soke hukuncin a shekarar da ta biyo baya. A ɗaya gefen, gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokar 'yan sandan sutura a ƙarshen 2019, ta cire hukuncin ridda a Yulin 2020, aka yi ta cewa Musulunci ya ƙare a Sudan, amma sahun Juma'a a masallatan Gadarif bai ragu ba. A Maris na 2021 Janar Burhan, shugaban majalisar mulkin riƙon ƙwarya a lokacin, da Abdul'aziz al-Hilu, jagoran 'yan tawayen SPLM-N, sun sa hannu a Juba a kan takardar da ta amince da raba addini da gwamnati, sai juyin mulkin Oktoban wannan shekara da yaƙin da ya biyo baya suka binne maganar. Za ta sake tasowa ranar da aka zauna rubuta tsarin mulki, kuma a ranar za a zo neman ƙuri'un Hausawa da sunan cewa mu mutanen addini ne, kamar yadda aka saba. Ina fatan kafin mu amsa za mu tambayi mai neman abin da zai rubuta a kan ƙasar noma da takardar ɗan ƙasa, mu bar maganar sallarmu a hannunmu.

A kakar da ta wuce gardamar ta sauko daga sama ta zama ta buhu. Manoman unguwa da suka girbe dawa suka so su zuba abin da suka ware na zakka kai tsaye a rumbun takiyya, Baffa ya ce a zuba, ɗan ƙanwata ya riga ya buɗe shafi a littafinsa. Malamin Ansarus Sunna ya ce bai halatta ba a wajen mafi yawan malamai, domin zakka haƙƙin matalauci ce da ake damƙa masa ta zama mallakarsa, ba a dafa ta a kira shi ci, kuma wani malamin Malikiyya da aka tambaya ya goyi bayansa. Maƙwabcinmu ya ce da ma wannan aikin hukuma ne, ba na zawiya ba. An kwana biyu ana kai da komo, daga ƙarshe aka kira magidantan da ke zaune a makarantar firamare, aka damƙa wa kowanne rabonsa a hannu, aka gaya masa nasa ne ya yi yadda ya ga dama. Wasu suka sayar suka sayi magani, wasu suka ɗauka zuwa aji, da yawa kuma suka ce ba su da murhu ba su da itace, suka mayar da buhunan ƙofar zawiya da kansu, yaron ya rubuta su a littafi a matsayin sadaka daga masu gudun hijira.